Ban ga sarauniya a akwatina ba, in sayo 'yar waje?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Zariya. Bara da kaka na haɗa ɗan abin da na tara da kuɗin adashen mai ɗakina, na sa kafinta ya ƙera mini akwatunan zuma huɗu irin na Kenya, masu sanduna jere a sama waɗanda zuma take rataya saƙarta a jikinsu. Zuma ta shiga uku. Kowace Juma'a nakan je in buɗe su in duba. Bayan wata biyu na tarar ɗaya ta tashi, ta bar mini busasshiyar saƙa. Ta biyu tana da ƙarfi, amma ta yi saƙarta a karkace, ta haɗe sanduna uku zuwa huɗu, in na ɗaga sai ta karye. Ta uku kullum raguwa take yi, na duba har sau uku ban ga sarauniya ba. Wani da muka haɗu a Facebook ya ce zumar gida ba ta da riba, in tura masa kuɗi ya kawo mini sarauniya 'yar Italiya, in kuma koma wani akwatin zamani da ake kira Langstroth da injin tace zuma. Baffana, wanda ya tsufa yana ɗora amya a bishiya, ya ce na zubar da kuɗi ne kawai. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, amma ina ganin damuwa a fuskarta. Ga shi kwanan nan zuma ta harbi akuyar maƙwabcina, har yanzu ba ya amsa gaisuwata da daɗi. Ina tunanin sayar da raguna biyu da nake da su in sayi kayan. Ka ba ni shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah Ya sa albarka a nemanka.

Ragunan nan su zauna a turkensu, kuma kada ko sisi ya bar hannunka zuwa wurin mutumin Facebook. A cikin duk abin da ka lissafa, ban ga guda ɗaya da kuɗi zai warware yanzu ba. Ka kafa akwati huɗu, zuma ta shiga uku a kakar farko. Akwai waɗanda akwatinsu yake shekara cur a daji babu abin da ya leƙa shi sai ƙadangare. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, ka fara da ƙafar dama.

Akwati na uku shi ne wanda lokaci yake ƙure wa, da shi za mu fara. Ka ce ka duba sau uku ba ka ga sarauniya ba. Rashin ganinta bai nuna ba ta nan ba. Ita kaɗai ce a cikin dubbai, kuma sarauniyar zumarmu akwai ta da gudu. Da haske ya sauka a kan saƙa sai ta zagaya baya, ko ta gangara ta ɓuya a lungun akwati, hayaƙi kuma yana ƙara korarta. Waɗanda suka daɗe a sana'ar nan ba su cika ɓata lokaci wajen nemanta ba. Aikinta suke nema, wato ƙwai.

Ka je bayan la'asar, rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Ka ɗaga sanda ɗaya daga tsakiyar inda 'ya'ya suke, ka riƙe ta saƙar tana rataye a tsaye, kada ka kwantar da ita ko kaɗan, domin nauyinta ne zai karya ta. Ka juya wa rana baya yadda haske zai shiga cikin ramukan, ka ƙura ido can ƙasa. Ƙwan zuma ɗan fari ne siriri, tsawonsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, yana tsaye a gindin rami. Kwana 3 yake yi ya ƙyanƙyashe. Ke nan idan ka ga ƙwai ɗai-ɗai, kowane rami guda ɗaya a tsakiya, sarauniya ta bi ta nan cikin kwana ukun da suka wuce, ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba. Idan haka ne, raguwar gidan daga wani wuri take. Ko yunwa, ko tururuwa, ko tsutsar da ke cin kaki, ko kuwa sarauniyar ta tsufa. Tsohuwa ana gane ta da zubin ƙwanta: nan ɗaya, can ɗaya, ramuka da yawa a tsakani babu komai. Mai ƙarfi takan cika wuri a dunƙule. Idan ta tsufa, sau da yawa su da kansu suke musanya ta ba tare da ka sa hannu ba.

Idan kuma babu ƙwai ko ɗaya, kada ka yi saurin yanke hukunci. Duba gefen saƙa da fuskarta ko za ka ga wani ɗaki dogo yana kallon ƙasa, kamannin kwanson gyaɗa. Ɗakin sarauniya ke nan. In a rufe yake, akwai sabuwa a hanya. In bakinsa a buɗe yake, an yanke shi a zagaye tsaf, ta riga ta fito. Daga ƙwai zuwa fitowar sarauniya kwana 16 ne ko ƙasa da haka kaɗan a irin zumarmu. Bayan ta fito sai ta yi kusan mako guda jikinta ya yi ƙwari, sannan ta fita ta haɗu da maza a sararin sama, ta dawo, ta ɗan huta kafin ta fara zuba ƙwai. Duk tsawon wannan lokaci gidan zai zama kamar babu uwa, alhali akwai. A nan ne sababbin shiga suke yin ɓarna: su yi ta buɗewa suna nema har su firgita budurwar sarauniya, ko su murƙushe ta tsakanin sanduna biyu ba su sani ba. Irin wannan gida mako uku yake so a ƙyale shi. Ka kuma sani cewa idan fure ya yi ƙaranci, sarauniyar nan takan tsayar da ƙwai ɗungurungum har sai abinci ya samu.

Hali na uku shi ne mai muni. Ka ga ƙwai biyu, uku, har biyar a rami ɗaya, wasu a manne a jikin bango maimakon gindi, murafen 'ya'ya sun yi tudu-tudu a warwatse, ga ƙananan maza sun yi yawa. Wannan alama ce ta cewa sarauniya ta daɗe da mutuwa, ma'aikata, wato ƙudaje mata masu aikin gida, sun fara zuba ƙwai da kansu. Ma'aikaciya ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, saboda haka ƙwanta namiji kawai yake fitarwa, namijin zuma kuwa ba ya ɗebo komai. Ita ma'aikaciya rayuwarta a lokacin aiki kusan mako shida ce. Tsofaffi na mutuwa, babu masu maye gurbinsu, gidan sai ya ƙare a hankali. Gida ya kai nan, da wuya ya karɓi sabuwar sarauniya, ta gida ce ko ta waje. Abin da ya fi shi ne ka ɗauke akwatin daga mazauninsa, ka kakkaɓe ƙudajen a ƙasa ɗan nesa kaɗan, za su nemi shiga gida na biyu su ƙara masa ƙarfi. Akwatin kuma ka tsabtace shi ka sake kafawa.

Idan ka duba kana cikin shakka, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma zumar da kanta ce za ta ba ka amsa. Ka yanko ɗan yankin saƙa kamar faɗin tafin hannu daga akwati na biyu, wanda yake da ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Ka share ƙudajen da ke kai da gashin kaza don kada ka ɗauko sarauniyarsu, ka ɗaure shi da zare a jikin sanda, ka sa a tsakiyar akwati na uku. Bayan kwana uku ko huɗu ka leƙa. In sun fara gina ɗakin sarauniya a kai, ba su da ita, kuma ga shi sun kama gyara abinsu. In ba su gina ba, tana nan. Dalilin da ya sa wannan yake aiki shi ne, ƙwan da yake zama ma'aikaciya shi ne dai yake zama sarauniya. Bambancin daga abinci ne. Tsutsar da ba ta wuce kwana uku ba, idan aka faɗaɗa mata ɗaki aka yi ta ba ta wani farin abinci mai kauri da ma'aikata ke fitarwa daga jikinsu, sarauniya za ta zama. Ka ga ashe sarauniyar da ake so ka sayar da rago saboda ita tana nan cikin akwatinka na biyu, a matsayin ƙwai.

Game da 'yar Italiya, zan ɗan tsaya, don na san maganar tana shiga ran matasa. Zumar da ke ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma masana suna kiranta Apis mellifera adansonii. Ta Italiya jinsi ɗaya suke amma dangi daban. Gaskiya ne ta Italiya tana da sanyin hali, ba ta cika tashi ta bar gida ba, tana tara zuma da yawa domin a ƙasarta dole ta tanadi abincin watannin sanyi. Tamu kuwa abin da ta saba da shi daban ne: zafin bazara, ƙishirwa, kwarkwasa, dage, gobarar daji. Faɗan da kake ƙi a wurinta da shi take tsare gidanta, saurin tashinta kuma da shi take tsira idan wuri ya ɓaci. Ka kawo baƙuwa, in ma ta iso da rai, sau da yawa ƙudajen gida sukan dunƙule ta su kashe. In sun karɓe ta, ranar da ta tsufa 'yarta za ta fita ta haɗu da maza sama da goma a sama, kuma duk mazan da ke shawagi a dajinku 'yan gida ne. Haihuwa ɗaya ko biyu ka koma inda ka fito, kuɗinka ya tafi.

An taɓa ganin yadda wannan karo yake ƙarewa. A 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin zumar Afirka ƙasar Birazil, domin zumar Turai da ake kiwo a can ba ta jin daɗin zafin ƙasar. A 1957 gida 26 suka kuɓuce suka shiga daji. Jikokinsu suka mamaye yawancin Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya, zuwa 1990 sun isa jihar Texas ta ƙasar Amurka. A ƙasa mai zafi zumar Afirka ce take rinjaye, ko a baƙon wuri, balle a gidanta. Ban da wannan, safarar zuma mai rai daga ƙasa zuwa ƙasa ita ce hanyar da cututtuka suke bi. Ƙwaron nan varroa, mai manne wa ƙudan zuma yana tsotsarta, daga nahiyar Asiya ya fito, ta irin wannan safara ya zagaye duniya. Sannan in tambaye ka: idan aka miƙo maka ƙuda ɗaya a ƙwalin ashana aka ce 'yar Italiya ce, da me za ka gane?

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wanda kai ka faɗa a matsayin ƙoƙari, wato buɗewar kowace Juma'a. Ina kyautata zaton ita ce babban dalilin tashin akwati na farko. Zuma tana riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yanta a kusan digiri 35, dare da rana. Tana bin duk wata kafa tana liƙewa da danƙo don iska da ƙwari. Duk ranar da ka buɗe, ka karya liƙin, ka fitar da ɗumin, ka cika gidan da hayaƙi, sai sun yi kwanaki suna gyara. Kafin su gama, wata Juma'ar ta zagayo. Sabon gida da bai tara 'ya'ya da abinci da yawa ba, babu abin da zai riƙe shi, sai ya nemi kogon bishiyar da ba a damunsa. Zuma in ta shiga akwati, ka ba ta mako shida zuwa takwas ba ka ɗaga ko sanda ɗaya ba. Bayan haka sau ɗaya a wata ya isa, sai in akwai dalili irin wanda muka yi magana a kai.

Ba na ce ka daina zuwa ba. Ka je ko kullum ne, amma ka tsaya a gefe ka karanta bakin ƙofa. Idan ka ga suna dawowa da ƙulli rawaya ko ja a ƙafafunsu na baya, garin fure ne, kuma yawanci alama ce ta ana renon 'ya'ya a ciki. Idan sun taru a waje sun rataya suna ta kaɗa fiffike, zafi ya yi musu yawa, a ƙara inuwa. Matattu da yawa a ƙasa lokaci guda, ka tambaya wa ya yi feshi a gonar wake ko tumatir a kusa, domin zuma tana tafiyar kilomita uku neman abinci. Ka roƙi manoman su riƙa feshi da yamma liƙis bayan ta koma gida. Ka ɗan ɗaga bayan akwatin da hannu ka ji nauyinsa, zai gaya maka ko ana tarawa ko ana cinyewa.

Sai ruwa. Daga hunturu har ƙarshen bazara zuma tana ɗibar ruwa sosai, tana shafa shi a saƙa tana fifitawa don sanyaya gida. Ka ajiye tsohuwar tukunya ko faffaɗan kwano a inuwa kusa da akwatunan, ka zuba duwatsu ko karare a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse, kuma kada ka bari ya ƙafe ko na yini ɗaya. Ƙafafun mazaunin akwati ka tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda tururuwa, ka share ciyawar da ke kewaye saboda wuta, ka tabbatar babu reshe ko ciyawar da ke taɓa akwatin ta zama gada.

Akwatin da aka bari da na huɗun da ba a shiga ba, kada ka bar tsohuwar saƙa a ciki, tsutsar kaki za ta mayar da ita yana. Cire ta ka narkar, ka goga kakin a jikin sanduna da bakin ƙofa, ka murza ganyen ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sawa a shayi a cikin akwatin. In da hali ka ɗora shi a kan reshe, sama da tsayin mutum, in zuma ta shiga ta zauna sai ka sauko da shi da dare.

Karkatacciyar saƙa kuwa, ina zargin aikin kafinta ne. Ka ɗauki ma'auni ka jera sanduna goma kafaɗa da kafaɗa ka auna. Santimita 32 ya kamata su ba ka, wato kowace sanda milimita 32. Wannan shi ne tazarar da zumarmu take bari daga tsakiyar wannan saƙa zuwa tsakiyar waccan. Ta Turai ta fi girma, nata milimita 35 ne, kuma yawancin zanen da ake kwafowa daga intanet nata ne. Kafintan da bai san dalili ba gani yake milimita uku ba komai ba ne, wani ma ya yanka da ido. Amma kuskuren taruwa yake yi. Saƙa ta farko ta zauna daidai, ta uku ta ɗan kauce, kafin a kai ta shida ta hau kan sanduna biyu. Shi akwatin Kenya, wanda aka tsara a farkon shekarun 1970 ta haɗin gwiwar Kenya da masanan jami'ar Guelph ta Kanada, komai nasa yana yafe kuskure ban da faɗin sandar nan. Abu na biyu, kowace sanda tana buƙatar jagora: a tsaga ɗan layi a tsakiyarta ta ƙasa, a zuba narkakken kaki, zuma za ta bi layin. Na uku, akwatin ya zauna daidai, domin zuma tana sakin saƙarta ne kai tsaye zuwa ƙasa, in akwati ya jirkice saƙa ta jirkice.

Kada ka ce za ka gyara gida na biyu a rana ɗaya. Shi ne jarinka. Ka yanko ɗan yankin gwajin da na faɗa, sauran ka bar su. Ka sa a yanka maka sababbin sanduna daidai awo, ka maye gurbin waɗanda ba a fara gini a kansu ba. Lokacin ɗiba ya zo, karkatattun da ke da zuma su za ka fara yankewa. Masu 'ya'ya ka riƙa tura su baya a hankali, in 'ya'yan sun fita a cire su.

Akwatin Langstroth ba abin rainawa ba ne. Mai shi, wani limamin coci a Amurka, shi ne a 1851 ya gina akwati a kan lura da cewa zuma tana barin hanya mai faɗin milimita 6 zuwa 9, in ta fi haka ta cike da saƙa, in ta gaza ta liƙe da danƙo. Da irin akwatinsa manyan masu kiwo na duniya suke aiki. Amma duk jikinsa awo ne, kuma katakon da bai bushe ba in hunturu ya buga shi sai ya murɗe, awon ya lalace. Yana buƙatar firam, wato katako mai kusurwa huɗu da saƙa take zama a cikinsa, da wayar ƙarfe, da fallen kaki mai zanen ramuka, wanda na waje an buga shi ne da girman ramin zumar Turai, tamu kuwa raminta ya fi ƙanƙanta. Injin tacewa ba ya mayar da kuɗinsa a kan akwati biyu ko uku. Mutumin da sanda mai awo ɗaya tak ta ba shi wahala, bai kamata ya koma akwatin da ke da awo goma ba tukuna. Ka yi ɗiba biyu ko uku da abin da ke hannunka. In gidajenka sun yi yawa, kasuwa ta buɗe, sai mu sake magana.

Ba ka ambaci kayan kariya ba, kuma nan ne kawai zan yarda ka kashe kuɗi. Gwangwanin hayaƙi mai zugazugi, wanda maƙerin gwangwani zai iya yi in ya ga samfuri. Hula mai raga, ragar gaban fuska ta zama baƙa don ta fi ba da gani. Riga da wando haɗe na yadi mai kauri, fari ko mai haske, tela zai ɗinka. Safar hannu, takalmin roba, wuƙa, bokitin roba mai murfi guda biyu, da tsabtataccen ƙyallen tata. Makamashin hayaƙi kuwa busasshen kashin shanu ko totuwar masara, hayaƙi mai sanyi, kaɗan-kaɗan, ban da roba da leda. Ranar da za ka shiga wurin zuma kada ka shafa turare, yana tunzura ta. In ta harbe ka, kankare ƙarin da farce ka busa hayaƙi a wurin, domin warin harbin yana kiran sauran. Wanda aka harba ya ji maƙogwaronsa yana kumbura, ko numfashi yana yi masa wuya, ko jiri, a garzaya da shi asibiti nan take, ba a jira a gani.

Idan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun gama fure, bazara ta kama, gida na biyu zai iya ba ka wani abu kafin ruwa ya sauka. Ka ɗebi saƙar da aka liƙe bakinta aƙalla kashi uku cikin huɗu, wadda ba a liƙe ba ruwanta ya yi yawa, tsami za ta yi. Kada ka taɓa masu 'ya'ya, ka kuma bar musu abin da za su ci a tsakiyar damina, lokacin da ruwa yake hana su fita. Farfasa saƙar ka tace da ƙyalle, kada ka ɗora a wuta. Kakin ma kuɗi ne, dukawa da masu haɗa man shafawa suna nema.

Maƙwabcinka yana da gaskiya. Dabbar da aka ɗaure ba ta iya gudu, kuma zumarmu tana iya kashe ta. Ka je har gida ka ba shi haƙuri, in akuyar ta ci magani ka biya. Ka tambaye shi wace rana abin ya faru, ba zan yi mamaki ba in Juma'a ce, ko kuma a wurin shan ruwan dabbobi ne, wanda tukunyar da na ce ka ajiye za ta rage. Ka kewaye akwatunan da zana mai tsawo yadda in sun fito dole su tashi sama, ka juya ƙofofinsu daga barin hanya, kuma duk ranar da za ka buɗe ka sanar da shi tukuna. Idan wurin yana dab da gidaje ko turken dabbobi, to a ɗauke su. Sai dai zuma tana haddace mazauninta. Ko dai ka riƙa matsar da akwati ƙasa da mita ɗaya a kowace rana, ko ka kai shi nesa sosai, kamar kilomita biyar, da dare, ƙofa a rufe da raga, a tafi a hankali.

Baffa kuma, ni ban ga abokin gardama a wurinsa ba. Abin da ka fi rashi shi yake da shi. Ya san watan da zuma take yawo neman gida a dajinku, ya san bishiyar da take so, ya san abin da ake turara amya da shi har ta shiga, ya san lokacin da gawo yake fure da lokacin da daji yake yunwa. Babu mai sayar maka da wannan a waya. Ka je ka durƙusa ka ce, Baffa, ina so ka raka ni ka duba mini inda na kafa su, ka kuma turara mini fankon biyun nan yadda kake yi wa naka. Kada ka ce masa hanyarka ta fi tasa. Ranar ɗiba ka gayyace shi ya ga an cire zuma fara tas, ba a ƙona gida ba, 'ya'ya suna nan, ƙudaje sun ci gaba da aikinsu washegari. Wannan ne abin da akwati ya fi amya da shi, kuma abu ne mai nauyi, tunda malamai suna kawo hadisin da ya hana kashe ƙudan zuma. Ka bar idonsa ya gaya masa.

Mai ɗakinka ba ta yi magana ba, amma kuɗin adashenta ne a cikin katakon nan, tana da haƙƙin sanin inda aka kwana. Ka zaunar da ita ka gaya mata komai yadda yake: ɗaya ta tashi, ɗaya tana jinya, ɗaya tana da ƙarfi, bana abin da za a samu kaɗan ne, kiwon zuma sai shekara ta biyu da ta uku yake nuna kansa. Ka gaya mata ka fasa sayar da raguna. Ku rubuta adadin kuɗinta a takarda, ku daidaita ko bashi ne za ka biya ko hannun jari ne take da kaso, kuma kuɗin kwalbar farko da aka sayar ya shiga hannunta. In tana da sha'awa, tata da ɗurawa a kwalba da narka kaki duk aikin cikin gida ne, kuma matan unguwa sun fi yarda su sayi zuma a hannun wadda suka san ba za ta haɗa musu da sukari ba.

Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare ku daga harbi.